Wasa ba gwaji ba ne: darasin Pokémon ga matasan Fagge da Sabon Gari masu rubuta manhaja

A shagunan kayan lantarki na Sabon Gari, ba a cika sayen ƙwan fitila a tafi da shi ba sai an jona shi a gaban mai saye ya ga ya kama. Ɗan canji a Wapa ba ya karɓar bandir ya jefa aljihu bai ƙirga ba. Mai sayen waya ta hannu a Beirut Road kuwa sai ya duba sifika da kyamara da wurin caji, ya saka layi ya yi kira, kafin ya miƙa kuɗi. Kasuwancin wannan yanki ya ginu ne a kan gwaji, kuma yaran da suka taso a cikinsa sun san haka tun suna ƙanana.

Abin mamaki shi ne, da yawa daga cikin waɗannan yaran idan suka girma suka koyi rubuta kod da kansu, sai su bar wannan tarbiyya a bakin ƙofa. Matashi zai kwana yana haɗa ɗan wasan gem, ya buga shi sau biyar ko goma, ya ga bai tsaya ba, ya tura wa abokai yana cewa an gama. Idan aka tambaye shi ko ya gwada, amsar ɗaya ce: "Ai na buga, yana aiki." Buga wasa daban, gwada shi daban. Wanda bai bambance su ba zai ci gaba da fitar da manhaja mai ɓoyayyen kuskure, yau a wasa, gobe a lissafin kuɗin mutane. Makarantar da ta fi dacewa a koyi wannan bambanci ita ce wasan faɗan dodanni irin Pokémon, domin tarihinsa cike yake da hujjoji.

Me ya sa wasan faɗan dodanni?

A gidajen gem na Kano ƙwallo ce sarauniya, sai wasannin doke-doke irin Mortal Kombat. Pokémon ya fi isowa ta katun a talabijin da kuma manhajojin emuleta a waya. Amma ga mai koyon rubuta manhaja, irin wannan wasa ya fi sauran sauƙin ɗauka. Ba ya buƙatar kwamfuta mai tsada ko zane mai nauyi. Dodanni biyu ne suke fuskantar juna, kowa ya zaɓi dabara ɗaya, na'ura ta yi lissafi ta faɗi abin da ya faru, sannan a shiga zagaye na gaba. Duk abin da ido yake gani a fuskar waya lissafi ne a ƙarƙashi.

Kamfanin Game Freak na Japan, ƙarƙashin Satoshi Tajiri, shi ya ƙirƙiri wasan, ya fito a na'urar Game Boy ta Nintendo ranar 27 ga Fabrairu, 1996. Fitowar farko tana da dodanni 151, dabaru 165, da jinsi 15, kamar wuta, ruwa, ciyawa da lantarki. Kowane dodo yana riƙe dabaru huɗu, kuma yana da lambobin da suke nuna jininsa, ƙarfin harinsa, kariyarsa da gudunsa. Ruwa yana kashe wuta, wuta tana cin ciyawa, ciyawa tana shanye ruwa. A baki ƙa'idojin suna da sauƙi. Da aka zo zuba su cikin kod, sai ga ƙwararrun da suka shafe shekaru a kan aikin sun yi tuntuɓe a wurare da dama, kuma kowane tuntuɓe darasi ne.

Kurakurai huɗu, darussa huɗu

Na farko shi ne dabarar Focus Energy. A wasan akwai mugun bugu, wanda yakan zo jefi-jefi ya yi ɓarnar da ta kusa ninka ta kullum, kuma yawan zuwansa ya danganta da gudun dodo. An tsara Focus Energy don ta ninka damar samun mugun bugu sau huɗu. A aikace sai ta raba damar gida huɗu. Dodo Scyther, wanda yake samun mugun bugu kusan sau ɗaya cikin biyar, idan ya yi amfani da ita sai ya koma kusan sau ɗaya cikin ashirin. Wasan bai tsaya ba, bai nuna wata alamar matsala ba, saƙon da yake fitowa ma yana nuna dodon ya ƙara kuzari. Mai bugawa da hannu zai ɗauka rashin sa'a ce kawai. Darasin shi ne, manhajar da ba ta faɗi ba tana iya yin kishiyar abin da aka ce ta yi.

Na biyu shi ne kuskuren ɗaya cikin 256. Don sanin ko hari zai samu ko zai kuskure, na'ura tana jefa ƙuri'a ta fitar da lamba daga 0 zuwa 255, sai ta kwatanta da lambar saitin harin. Harin da aka ce ba ya kuskure an ba shi 255. Sharaɗin da aka rubuta shi ne ƙuri'a ta kasance ƙasa da lambar saiti. To idan ƙuri'a ta faɗo a kan 255 fa? Ba ta ƙasa da 255, don haka hari ya wuce ta gefe. Bambancin "ƙasa da" da "ƙasa da ko daidai da" ya sa harin da ake wa kallon tabbas yana kuskurewa sau ɗaya cikin 256. Mai karatu ya yi lissafi: wanda ya gwada harin da hannu sau 100 yana da damar kusan kashi 68 cikin ɗari ta gamawa bai ga kuskuren ko sau ɗaya ba. Zai tashi da yaƙinin komai lafiya. Kwamfuta kuwa za ta bi lambobin 256 ɗaya bayan ɗaya kafin ƙiftawar ido, ta nuna wadda ta karya ƙa'ida.

Na uku yana cikin jadawalin jinsi. An so harin jinsin fatalwa, Ghost, ya zama maganin dodannin jinsin Psychic, har katun ɗin ma haka ya nuna. Amma a cikin wasan, gurbin da ya haɗa jinsunan biyu an cike shi da sifili, wato harin Lick ba ya taɓa su sam. Wannan na cikin dalilan da suka sa dodannin Psychic suka gagari kowa a fitowar farko, sai a Gold da Silver na 1999 aka gyara. Jinsi 15 sau 15 gurbi 225 ke nan. Yau da jinsunan suka kai 18, guraben 324 ne. Babu mai zama ya buga faɗa 324 da hannu duk lokacin da ya taɓa kod, amma ɗan gajeren shiri zai kwatanta jadawalin da ke cikin wasa da wanda ke kan takarda a kowane lokaci.

Na huɗu shi ne dabarun warkarwa irin Recover. Aikinta ta mayar wa dodo rabin jininsa. Amma idan jinin da ya rasa ya zo daidai 255 ko 511, sai dabarar ta ƙi aiki. A 254 lafiya, a 256 lafiya. Dalili shi ne Game Boy yana ajiye lambobi a gidaje masu ɗaukar 0 zuwa 255, babbar lamba sai an raba ta gida biyu, kuma kwatancen da aka rubuta tsakanin gidajen bai cika ba. Kuskure yana son bakin iyaka: sifili, ɗaya, lamba mafi girma, da wadda ke gab da ita. Mai wasa yana yawo ne a tsakiyar fili, mai gwaji kuwa iyaka yake nufa kai tsaye.

Shekara 18 ana wasa a kan ƙa'idar da babu ita

Wani zai ce ai miliyoyin mutane sun buga wasan, dole su gano komai. Labarin dabarar Body Slam ya rushe wannan zato. Hari ne na jinsin Normal da yake da damar kusan kashi 30 cikin ɗari ta sandarar da abokin karawa. Masu gasa a intanet sun daɗe suna amfani da manhajojin da suke kwaikwayon faɗan wasan, kuma a cikinsu Body Slam yana sandarar da kowane dodo da harin ya samu. Sai a 2014, shekara 18 bayan fitowar wasan, masu bin kod ɗin asali layi-layi suka tabbatar cewa a Game Boy harin ba ya sandarar da dodon da yake jinsi ɗaya da shi. Ke nan manyan dodannin gasa irin Tauros da Snorlax da Chansey ba su da fargabar wannan illa daga Body Slam. Dole aka gyara manhajojin kwaikwayo, salon gasar ya sauya.

Me ya hana a gano tun da wuri? Abin da yake faruwa sau uku cikin goma, idan bai faru ba, babu mai tambaya. Kowa yakan ce yau ba sa'a. Ido yana kama abin da ya faru ba daidai ba, amma da wuya ya kama abin da ya kamata ya faru bai faru ba.

Kada a ɗauka matsalar tsofaffin na'urori ce. A Nuwamban 2022 aka fitar da Pokémon Scarlet da Violet, Nintendo ya sanar da sayar da kwafi fiye da miliyan 10 cikin kwana uku. Ba a jima ba masu bincike suka lura cewa a gasar intanet ta wasan, ƙuri'ar kowane faɗa tana farawa daga lamba ɗaya. Wanda ya gane tsarin zai iya sanin harin da zai samu da wanda zai kuskure tun kafin a fara. Sai da aka saki gyara. Idan kamfani mai wannan ƙarfi zai yi irin wannan tuntuɓe, matashi mai laftof ɗaya a Fagge ba shi da hujjar dogara da idonsa kaɗai.

Yadda ake rubuta gwaji

Gwaji ɗan ƙaramin shiri ne da yake yi wa babban shiri tambaya ɗaya, kuma ya riga ya san amsar da ta dace. Matakansa uku ne. A shirya fage: wane dodo, mataki nawa, jini nawa. A aikata abu ɗaya: dodo na farko ya kai hari kaza. A duba sakamako: jinin na biyu ya ragu da kaza, ba ƙari ba ragi. Idan amsa ta saɓa, gwajin ya yi ja, ya nuna wurin.

Ga misali da tsarin lissafin ɓarna na Pokémon. Dodo yana mataki na 50, ƙarfin dabararsa 80, harinsa 100, kariyar abokin karawa 100. A ninka mataki sau 2, a raba da 5, a ƙara 2, an samu 22. A ninka da 80, a ninka da hari, a raba da kariya, an samu 1,760. A raba da 50, an samu 35 da 'yan kai, a zubar da 'yan kan, a ƙara 2, ya zama 37. Saura abubuwa biyu: ƙarin rabi idan dabarar jinsinta ɗaya da na dodon, da kuma ƙuri'ar da take rage ɓarna zuwa tsakanin kashi 85 da 100 cikin ɗari. A ce ƙuri'a ta ba da 86. Idan aka fara da ƙuri'a, 37 ya koma 31, ƙarin rabi ya kai shi 46. Idan aka fara da ƙarin rabi, 37 ya zama 55, ƙuri'a ta mayar da shi 47. Lambobi iri ɗaya, amsa biyu, saboda kawai wurin da aka zubar da 'yan kai ya bambanta. Idan jinin abokin karawa 47 ya rage, a tsari ɗaya ya faɗi, a ɗayan ya tsira da ɗigo guda ya rama. Mai rubuta wasa dole ya zaɓi tsari ɗaya, ya rubuta shi a takarda, ya ɗaure shi da gwaji.

Sai batun ƙuri'a, wadda ita ce take ruɗa masu koyo. Yaya za a gwada abin da yake canzawa kullum? Ƙuri'ar kwamfuta ba ta gaskiya ba ce, jerin lambobi ne da suke tsirowa daga lamba guda da ake kira iri. Iri ɗaya, jeri ɗaya. Don haka mai gwaji yana kafa irin da kansa, faɗan ya maimaita kansa daidai duk lokacin da aka so. Ya fi kyau ma a rubuta injin faɗa ta yadda za a iya cire mai jefa ƙuri'a a saka na bogi, a umarce shi ya ba da 0 ko 255. Idan kuma ana son tabbatar da cewa illa tana zuwa kashi 30 cikin ɗari, sai a sa kwamfuta ta kai harin sau 10,000. Amsa ta faɗo tsakanin 2,850 da 3,150. Idan ta ba da sifili ko 750, akwai magana.

Ba sai an ƙirƙiro hanyar daga tushe ba. Pokémon Showdown, manhajar kwaikwayon faɗa da Guangcong Luo ya fara a 2011, kod ɗinta a buɗe yake a GitHub, kuma tana da tarin fayilolin gwaji na dabaru, waɗanda ake gudanarwa da Mocha. Haka ma aikin pokeemerald-expansion, wanda masu sha'awa suka gina a kan Pokémon Emerald, yana da tsarin gwajin faɗa da aka kasa zuwa GIVEN, WHEN, SCENE da THEN, wato abin da aka shirya, abin da aka aikata, abin da ya bayyana a fuska, da yadda lambobi suka tsaya a ƙarshe. Karanta irin waɗannan fayiloli na awa biyu ya fi kallon bidiyon koyarwa goma amfani, domin a nan ake ganin tambayoyin da ƙwararru suke yi wa aikinsu.

Inda dabaru suka haɗu

Kowace dabara tana iya zama daidai ita kaɗai, a samu matsala idan ta haɗu da wata. A fitowar farko, Toxic guba ce da ɓarnarta take ƙaruwa kowane zagaye, Leech Seed kuma tana tsotsar jini daidai gwargwado. Da yake sun yi tarayya a wani yanki na kod, idan aka haɗa wa dodo su biyun sai tsotsar ma ta riƙa hauhawa tare da gubar. Dabaru 165 idan aka haɗa su biyu-biyu sun haura haɗi 13,000. Ba za a gwada duka ba, amma za a zaɓi masu taɓa abu ɗaya: duk masu rage jini a ƙarshen zagaye, duk masu sauya gudu, duk masu hana motsi.

A ɗauka wani matashi a Fagge yana gina wasansa da halittun tatsuniya, Gizo da Ƙoƙi da Kura da Dodo. Ya ba Gizo dabarar saƙa da take rage gudun abokin karawa, ya ba Kura cizo mai sa zubar jini. Nan take tambayoyi za su taso. Idan saƙa ta kama Kura a tsakiyar zagaye, jerin wanda zai fara motsi yana canzawa yanzu ko sai zagaye na gaba? Idan gudunsu ya zo ɗaya, wa zai fara? Idan zubar jini ta kashe Gizo a daidai zagayen da gubarsa ta kashe Kura, wa ya ci?

Masu zuwa kallon dambe a Ado Bayero Square da ke Sabon Gari sun san irin wannan. Ƙa'ida a fili take: wanda ya kai ƙasa an kashe shi. Amma idan 'yan dambe biyu suka zube tare, ko ana gardamar bugu ne ya kayar ko santsi, akwai alƙalin wasa da zai yanke. A cikin kwamfuta babu alƙali sai wanda aka rubuta. Duk tambayar da mai shiri bai amsa ba, na'ura za ta amsa ta yadda layukan kod suka faɗo, kuma amsar tana iya canzawa ranar da aka matsar da layi ɗaya. Babban amfanin rubuta gwaji shi ne yana tilasta wa mutum ya yanke hukunci tun kafin 'yan wasa su fara rigima.

Uzurorin da ake kawowa

Uzuri na farko shi ne wuta da data da lokaci. Wanda yake jiran a kawo wuta ya yi caji, ko yake aiki a shago da rana ya rubuta kod da dare, yana ganin gwaji ƙarin wahala ne. Uzurin yana da nauyi, amma idan aka duba da kyau hujja ce ta goyon bayan gwaji. Buga faɗa ashirin da hannu don duba gyara ɗaya yana cin batir da lokaci fiye da gudanar da gwaji ɗari biyu da suke gamawa cikin daƙiƙu. Gwaji ba ya cin data. Python yana zuwa da unittest a cikinsa, kuma yana gudana a wayar Android ta Termux ko Pydroid 3. Sharaɗi ɗaya ne: a raba injin lissafin faɗa da ɓangaren zane da sauti, ta yadda za a iya gudanar da faɗa ba tare da an buɗe hoto ko ɗaya ba.

Uzuri na biyu ya fi ƙarfi. Ana cewa kurakuran nan su ne gishirin tsohon Pokémon. A fitowar farko, Hyper Beam ba ya buƙatar hutun zagaye idan ya kashe abokin karawa, kuma masu gasar tsohon wasan har yau suna jin daɗin hakan. Wasan ya yi nasarar da ba a taɓa zato ba duk da tangarɗarsa. Gaskiya ne. Sai dai Game Freak da kansa bai ɗauki kurakuran a matsayin ado ba, ya gyara su a fitowar da ta biyo. Kuma gwaji ba ya hana a bar abin da ya zo bisa kuskure idan ya yi daɗi. Abin da yake bayarwa shi ne sani. Mai wasa ya ga halin, ya yanke shawarar barinsa, ya rubuta gwajin da zai kare shi. Abin da aka bari da sani ya zama ƙa'ida. Wanda ba a san da shi ba tarko ne, ranar da aka sa kuɗi ko kyauta a gasa zai tashi.

Uzuri na uku sabo ne: yanzu manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna rubuta kod cikin minti ɗaya. Haka ne, kuma suna rubuta shi da tsabta da kamar gaskiya ko da akwai kuskure a ciki. Wanda ya karɓi kod ɗin da bai rubuta ba ya fi kowa buƙatar hanyar tantance shi. Idan na'ura ce ta rubuta lissafin ɓarna, mutum ne ya kamata ya zauna da biro ya fitar da 46 ɗinsa, ya ga ko za su dace.

Daga jinin dodo zuwa kuɗin mutane

Kaɗan ne daga cikin matasan da suke koyon kod a Kano za su ci abinci da wasan gem. Mafi yawa za su ƙare ne suna rubuta manhajar lissafin kaya ga ɗan kasuwa a Kantin Kwari, ko ta bin bashi ga dila a kasuwar Singa, ko ta haɗa cinikin masu POS, ko ta sakamakon jarrabawar makaranta. Tambayoyin ba su canza ba. A ina ake zubar da kwabo, kafin a cire ragi ko bayan an cire? Me zai faru idan kaya ya kai sifili? Idan yaran shago biyu suka sayar da bandir ɗin atamfa na ƙarshe a lokaci ɗaya fa? Wannan shi ne Gizo da Kura sun faɗi tare, sai dai a nan wanda zai biya kuɗin kuskuren yaron shago ne da za a ce ya ci amana.

Hakan ya taɓa faruwa a babban mataki. A Birtaniya, manhajar Horizon da kamfanin Fujitsu ya yi wa hukumar gidan waya ta riƙa nuna giɓin kuɗi da babu shi. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da masu kula da ƙananan ofisoshin gidan waya fiye da 900 bisa zargin sata ko maguɗin lissafi, wasu suka shiga kurkuku, wasu suka rasa dukiya da mutunci, saboda an yarda da na'ura fiye da mutum. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gara matashi ya koyi shakkar kod ɗinsa a inda mafi munin sakamako shi ne dodon zane ya faɗi ba bisa ƙa'ida ba.

Ta ina za a fara?

Ba a buƙatar dodanni 151. Dodanni uku, jinsi uku da dabaru shida sun isa. A fara da rubuta ƙa'idoji a littafi da Hausa, jimla-jimla, yadda aboki da bai san kod ba zai karanta ya gane. Kowace jimla ta samu gwajinta. A bi iyakoki: jini 0, jini 1, jini cikakke, ƙuri'a mafi ƙanƙanta da mafi girma. Duk ranar da wani ya kawo ƙorafin kuskure, a fara rubuta gwajin da zai kama shi ya yi ja, sannan a gyara, don kada ya dawo ta bayan gida. A kuma gwada shi kansa gwajin: a ɓata kod da gangan, a mayar da ninkawa rabawa, a ga ko zai yi ihu. Gwajin da ba ya taɓa yin ja ba ya gadin komai.

Halittun kuma su zama na gida. Sunaye da zanen Pokémon mallakar masu su ne, kuma Nintendo ba ya wasa da haƙƙinsa: a Satumban 2024 shi da The Pokémon Company sun maka Pocketpair, masu wasan Palworld, a kotu a Tokyo. Karanta yadda wasu suka gwada aikinsu ilimi ne, kwashe dodanninsu a sayar kuwa jawo wa kai magana ne. Ƙaramin kamfanin Bytten Studio na Birtaniya ya fitar da Cassette Beasts a 2023 da halittunsa na kansa, a kan injin Godot wanda kyauta ne ga kowa. Tatsuniyoyin Hausa ba su rasa dodanni ba.

Masu koyar da kwamfuta a cibiyoyin Fagge da Sabon Gari, da manyan da ƙanana suke kawo wa aiki su duba, suna da rawar takawa a nan. Idan ɗalibi ya kawo wasa yana murna, a yaba masa, sannan a tambaye shi fayil ɗin gwaji. Idan babu, a zauna tare a rubuta na farko: mataki 50, ƙarfi 80, ƙuri'a 86, amsa 46.